Mahaifina ya gaji da maganin sa fitsari, ga shi kumburin ya dawo

Wata baiwar Allah ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 68, kuma likitoci sun tabbatar cewa zuciyarsa ta yi rauni. Ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya kwanciya sai an tara masa matashin kai. Aka rubuta masa furosemide, miligiram 40 kowace safiya, tare da wasu magunguna. Da farko ya ji daɗi ƙwarai, kumburin ya sace. Yanzu kuwa yawan fitsarin ya ishe shi, duk ranar da zai fita ba ya sha, wani lokaci kuma sai ya bari sai dare. Kwanan nan gwiwarsa ta matsa masa, ya shiga shan diclofenac da kansa. Ga shi kumburin ya dawo, sharaɓarsa kuma tana ɗaurewa cikin dare. Wani ɗan'uwanmu ya ce maganin ne yake busar da ƙoda, a daina ba shi, wata kuma ta ce a riƙa ba shi biyu. Na rasa wanda zan bi. Kuma shin ya kamata ya riƙa shan ruwa da yawa domin ya mayar da wanda yake fitarwa?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya. Shawarwarin da aka ba ki guda biyu, kada ki bi ko ɗaya: kada a daina furosemide, kada kuma a ninka shi ba da iznin likita ba. Abin da ya kamata a ajiye tun yau shi ne diclofenac, tunda ba likita ne ya rubuta masa ba. Sannan a kai Baba asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, ba sai ranar da aka ce ya koma ta zo ba, a tafi da kwalayen duk abin da yake sha, har da wanda ya saya da kansa. Dalilan hakan suna cikin yadda maganin yake aiki a ƙoda, kuma ina ganin idan kika fahimce su za ki fi samun sauƙin shawo kan Baba fiye da yadda za ki samu da roƙo ko faɗa.

Sai mu fara da asalin kumburin. Zuciyar da ta yi rauni ba ta tura jini da ƙarfin da ta saba, ita kuwa ƙoda ba ta da hanyar sanin cewa matsalar daga zuciya take. Abin da take ji kawai shi ne jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta ɗauka jiki ya rasa ruwa, kamar yadda yake faruwa ga wanda ya zubar da jini ko ya yi gudawa mai tsanani. Nan take sai ta saki wani sinadari mai suna renin, wanda ke tayar da jerin wasu sinadaran har zuwa aldositeron, kuma saƙon da dukkansu suke ɗauke da shi ɗaya ne, wato a riƙe gishiri. Duk inda gishiri ya tsaya a jiki kuwa, ruwa yana tsayawa tare da shi. Jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya sai su cika, matsi ya ƙaru a cikinsu, ruwa ya riƙa tsatsowa zuwa cikin nama. Da rana, lokacin da Baba yake zaune ko tsaye, ruwan yana gangarawa idon sawu da ƙwauri, shi ya sa idan kika danna da yatsa wurin yake lotsawa ya daɗe bai ciko ba. Da dare kuma, idan ya miƙe, wani ɓangare na ruwan yana komawa cikin jini ya taru a huhu, abin da ya sa yake neman matashin kai ke nan. Kafin a ga kumburi da ido a jikin babban mutum, galibi lita biyu zuwa uku sun riga sun taru.

A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatu kimanin miliyan ɗaya, likitoci suna kiran kowace ɗaya nefuron. Kowace matata tana farawa ne da wani ɗan curin jijiyoyin jini, inda ruwan jini yake tacewa ya faɗa cikin wani siririn bututu. Yawan abin da ke tacewa yana da ban mamaki: a jikin lafiyayyen mutum yana kai lita 180 a kwana ɗaya, ɗauke da gishirin da nauyinsa ya kusa kilo ɗaya da rabi. Amma fitsarin da mutum yake yi a rana bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Ke nan babban aikin bututun shi ne mayar da kaya cikin jini, fiye da kashi 99 cikin 100 na ruwa da gishirin da aka tace suna komawa. Farkon bututun yana mayar da wajen kashi biyu cikin uku na gishirin. Daga nan sai bututun ya nutsa can cikin tsakiyar ƙoda, ya lanƙwaso ya sake hawowa sama. Wannan lanƙwasa ana kiranta da sunan Jakob Henle, masanin sassan jiki ɗan ƙasar Jamus wanda ya bayyana ta a 1862, kuma a ɓangarenta mai kauri da ke hawowa ne ake mayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan gishirin. A nan furosemide yake aiki, shi da 'yan'uwansa bumetanide da torsemide.

A jikin bangon wannan ɓangare akwai wani furotin da aikinsa shi ne ɗauko gishiri daga cikin bututu ya shigar da shi jiki. Yanayin aikinsa kamar na motar haya ne wadda ba ta tashi sai ta cika, kuma kujerunta huɗu ne: ɗaya ta sodiyam, ɗaya ta fotasiyam, biyu na kuloraid (sodiyam da kuloraid su ne sinadaran da ke haɗuwa su zama gishirin abinci). Furosemide yana zuwa ya tare wurin kuloraid, motar ta kasa tashi, gishirin ya rasa hanyar shiga, sai ya ci gaba da tafiya cikin bututu yana jan ruwa tare da shi har zuwa mafitsara. Sassan bututun da ke gaba suna ƙoƙarin kamo abin da ya kuɓuce, amma ƙarfinsu bai kai ba, domin a al'ada ɗan kaɗan ne yake isa gare su. Wannan shi ne dalilin da ya sa magungunan wannan rukuni suka fi duk sauran magungunan sa fitsari ƙarfi.

Akwai wani abu na biyu da ba a cika bayyana wa marasa lafiya ba. Bangon wannan ɓangare mai hawowa ba ya barin ruwa ya ratsa shi, gishiri kaɗai yake fitarwa. Saboda haka gishirin yana taruwa a naman tsakiyar ƙoda, har kaurin ruwan da ke can ƙasa ya kai kusan ninki huɗu na kaurin ruwan jini. Bututun ƙarshe da ke tattara fitsari yana ratsawa ta cikin wannan yanki mai gishiri, kuma gishirin ne yake zuƙo ruwa daga cikinsa, fitsari ya fito kaɗan mai kauri da launi. Idan maganin ya hana gishiri taruwa a wurin, ƙoda ta rasa abin da za ta zuƙo ruwan da shi. Shi ya sa za ki ga bayan Baba ya sha ƙwayar fitsarinsa yana fitowa da yawa, fari tas, babu launin da aka saba gani. Wannan alama ce ta cewa maganin ya isa inda aka aike shi, ba alamar lalacewar ƙoda ba ce.

Yanzu sai maganar ninkawa. Furosemide ba ya aiki daga ɓangaren jini, sai ya shiga cikin bututun tukuna. A cikin jini fiye da kashi 95 cikin 100 nasa yana manne da furotin mai suna albumin, don haka ba ya bin ruwan da ake tacewa. Farkon bututun ne yake ɗauko shi daga jini ya zuba shi ciki, ruwan fitsari ya kai shi lanƙwasar. Kuma sai adadin da ya isa can ya kai wani mizani kafin a ga aiki. Ƙasa da mizanin babu abin da zai faru, sama da wani mataki kuma ƙari ba ya ƙara fitsari, illa kawai yake ƙarawa. Inda wannan mizani yake ya bambanta daga mutum zuwa mutum, gwargwadon ƙarfin ƙodarsa da yadda hanjinsa yake tsotse ƙwayar. Furosemide da aka haɗiya, a matsakaici rabinsa ne yake shiga jini, a wani mutum ya fi haka, a wani kuma ya gaza ƙwarai, musamman idan hanjin ma ya kumbura da ruwa. Yana yiwuwa likita ya duba ya ce lallai Baba yana bukatar miligiram 80. Amma zai faɗi haka ne bayan ya auna hawan jininsa, ya ga sakamakon gwajin ƙoda da na fotasiyam, ya kuma tabbatar ba wani abu ne yake toshe aikin miligiram 40 ɗin ba. A wasiƙarki kuwa na ga abubuwa biyu da suke toshe shi, kuma ƙara ƙwaya ba zai gyara ko ɗaya ba.

Na farko shi ne tsallake rana. Ƙwayar tana fara aiki cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, ta kai ƙarshen ƙarfinta a awa ɗaya zuwa biyu, ta gama cikin awa shida zuwa takwas. Sauran awannin kwanan, ƙoda tana aiki ba tare da mai hana ta ba, kuma ba zama take yi ba. Ta ji an ƙwace mata gishiri, don haka da zarar ƙarfin maganin ya sauka sai ta shiga riƙe gishiri fiye da yadda take yi a da, tana rama abin da ta rasa. Idan mutum yana shan ƙwayar kullum, kuma gishirin da yake ci kaɗan ne, abin da aka fitar da safe ya fi abin da aka rama da yamma, ruwan jiki ya ci gaba da raguwa ko ya tsaya daidai. Idan kuwa ya tsallake rana guda, ƙoda ta samu awa arba'in ko fiye tana tarawa. Haka nan idan yana cin gishiri da yawa, zai iya shan maganin kullum, ya sha wahalar fitsarin a banza, domin kafin gari ya waye ƙoda ta mayar da duk abin da aka fitar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram biyar na gishiri a rana, wato kimanin cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma lissafin ya haɗa da wanda ba a gani, na abincin gwangwani da sinadaran ɗanɗano da ƙwayoyin magani masu tafasa a ruwa. Mai raunin zuciya ya fi kowa bukatar kiyaye wannan iyaka.

Duk da haka ban ga laifin Baba ba. Dattijon da ke tsoron kada fitsari ya matse shi a cikin mota ko a tsakiyar taro, mutuncinsa yake karewa, kuma wanda bai taɓa shan wannan ƙwaya ba bai san yadda matsuwar take zuwa babu sallama ba. Kada ki tunkare shi da zargin taurin kai. Ki nuna masa cewa abin da aka hana shi ne tsallake rana, amma matsar da lokaci cikin ranar yana da sauƙi, kuma likitoci sun saba amincewa da shi. Idan fitarsa ta safe ce kuma zai dawo da rana, ya sha idan ya dawo. Idan ta yamma ce, ya sha da sassafe, kafin lokacin fitar ƙarfin ya wuce, tunda awanni biyu zuwa uku na farko su ne masu tsanani. Abin da za a guje wa shi ne sha bayan ƙarfe huɗu na yamma, domin zai hana shi barci, kuma tashi cikin duhu da gaggawa ga mai shekara 68, wanda maganin zai iya sa masa jiri idan ya miƙe, hanya ce ta faɗuwa da karaya. Idan ya manta har yamma ta yi, ya bari sai washegari ya sha adadin da ya saba, kada ya haɗa biyu. Ki tambayi likitansa ya tabbatar muku da wannan tsari a gaban Baba, domin ya fi jin maganar daga bakinsa.

Na biyu, wanda nake zargi fiye da komai, shi ne diclofenac. Shi da ibuprofen da naproxen da ire-irensu suna kashe zafi ne ta hanyar hana jiki sarrafa wasu sinadarai masu suna furostagilandin. A gwiwa wannan abin so ne, amma a ƙoda waɗannan sinadarai su ne suke buɗe jijiyar da ke kawo jini matata, suna kuma taimakawa wajen fitar da gishiri. Lafiyayyen matashi ba ya dogara da su sosai. Mai raunin zuciya da ke shan maganin sa fitsari kuwa, ƙodarsa a kansu ta jingina. Idan aka cire su, jinin da ke shiga ƙoda ya ragu, gishiri ya tsaya, furosemide ɗin da ke isa lanƙwasar ya ragu, kumburi ya dawo. Idan kuma cikin sauran magungunan Baba akwai na zuciya da hawan jini irin su lisinopril ko enalapril ko losartan, haɗuwar ukun tana iya sa ƙoda ta tsaya farat ɗaya. Tun 2013 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a bai wa masu raunin zuciya da ya bayyana diclofenac. Ga ciwon gwiwar, paracetamol ya fi aminci kafin ku ga likita, shi kuma zai duba ko akwai abin shafawa ko motsa jiki ko wata hanyar da ta dace.

Ɗaurewar sharaɓa ba abin wasa ba ce, duk da cewa ba kullum take nufin haɗari ba. Gishirin da ya kuɓuce daga lanƙwasar yana isa ƙarshen bututu da yawa, inda ƙoda take karɓar sodiyam ta saki fotasiyam a madadinsa, kuma aldositeron yana ƙara zafafa wannan musaya. Ta haka fotasiyam yake zubewa a fitsari. Magniziyam da kalsiyam ma suna zubewa, domin komawarsu jiki a wannan ɓangare ta dogara ne ga aikin furotin ɗin da maganin ya tare. A jinin lafiyayye fotasiyam yana tsakanin 3.5 da 5.0 a ma'aunin da ake amfani da shi a ɗakin gwaji, kuma idan ya yi ƙasa yana kawo kasala da ɗaurewar tsoka, mafi muni kuma ya rikita bugun zuciya, musamman ga wanda ke shan maganin zuciya mai suna digoxin. Sai dai ido ba ya gane ƙarancinsa, gwajin jini kaɗai ke nunawa. Ina jan kunnenki a nan kada ki sayo masa ƙwayar fotasiyam, kada kuma ki sayo gishirin da ake tallatawa a matsayin na masu hawan jini, wanda galibi fotasiyam ne a cikinsa. Idan Baba yana shan spironolactone ko lisinopril, waɗannan riƙe fotasiyam suke yi, kuma da diclofenac a kai yana iya yiwuwa nasa ya hau ne ma, ba sauka ya yi ba. Yawansa yana tsayar da zuciya kamar yadda ƙarancinsa yake rikita ta.

Maganar ɗan'uwanku cewa maganin yana busar da ƙoda tana da ɗan tushe, amma ya ɗora ta a inda ba nan ba. Furosemide da aka sha bisa ƙa'ida ba ya cin naman ƙoda. Ana amfani da shi tun 1964, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma masu ciwon ƙoda kansu ana ba su shi, sau da yawa ma fiye da adadin da ake bai wa wasu. Ruwan da ya taru kansa yana cutar da ƙoda, domin idan jijiyoyin da ke kwashe jini daga cikinta suka cika, tacewa tana raguwa, har akan ga gwajin ƙodar wani ya gyaru bayan an cire masa ruwa. Haɗarin yana zuwa ne idan aka wuce gona da iri, jiki ya bushe. Alamunsa su ne ƙishirwa mai yawa, bushewar baki, jiri idan an miƙe, raguwar nauyi da sauri, da raguwar fitsari duk da an sha ƙwayar. Wannan ya fi faruwa idan gudawa ko amai ko zazzaɓi mai zafi ya kama mutum yana ci gaba da shan maganin kamar ba abin da ya faru. A irin wannan rana a tuntuɓi likita da wuri, domin sau da yawa yakan ce a dakata na kwana ɗaya ko biyu. Yana da kyau ku tambaye shi tun yanzu abin da za ku yi idan hakan ta taso.

Game da shan ruwa, kada Baba ya ɗura wa kansa domin ya mayar da wanda ya fita, tunda wanda ya fita ɗin shi ne ake son ya fita. Kada kuma ya hana kansa ruwa don gudun fitsari. Ya sha gwargwadon ƙishirwa, sai fa idan likita ya ƙayyade masa adadi, wanda akan yi wa wasu masu raunin zuciya mai tsanani ko waɗanda sodiyam ɗin jininsu ya yi ƙasa, galibi lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana. Yawan shan ruwa zalla tare da wannan magani yana iya tsinka sodiyam ɗin jini, abin da ke kawo ruɗewa da kasala ga tsofaffi.

Idan akwai abu ɗaya da zan so ki saya, sikelin awon nauyi ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma sikeli yana ganin ruwan kwanaki kafin idon sawu ya nuna shi. Kowace safiya, bayan Baba ya yi fitsari kuma kafin ya karya, ya hau sikelin da kaya marasa nauyi, a ajiye shi a daɓe mai tauri, wuri ɗaya kullum, ki rubuta lambar a littafi tare da kwanan wata da lokacin da ya sha ƙwayar. Ki tambayi likita nauyin da yake son Baba ya tsaya a kai. Ƙarin da ya wuce kilo biyu cikin kwana uku ba ƙiba ba ce, ruwa ne, kuma dalili ne na kiran asibiti ko da Baba ya ce lafiyarsa ƙalau. Raguwar da ta yi ƙasa da nauyin da aka tsayar, tare da jiri, tana nufin maganin ya yi yawa. Littafin yana da wani amfanin kuma: Baba zai gani da idonsa yadda lambar take hawa washegarin ranar da ya tsallake.

Idan aka cire diclofenac, aka rage gishiri, aka daina tsallake rana, amma kumburin ya ƙi sauka, likita yana da hanyoyi da dama. Zai iya ƙara adadin, ko ya raba shi sau biyu, safe da tsakar rana, domin a rage awannin da ƙoda take ramawa. Zai iya sauya zuwa bumetanide ko torsemide, waɗanda hanji ya fi tsotsewa daidai. A ƙiyasi miligiram 40 na furosemide yana daidai da miligiram ɗaya na bumetanide ko 20 na torsemide, kin ga ke nan lambar da ke jikin kwali ba ita ce ma'aunin ƙarfi ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka buga a 2023, bai ga bambanci a yawan mace-mace tsakanin masu shan torsemide da masu shan furosemide ba, don haka kada wani ya ruɗe ku da cewa ɗaya ne na gaske. Ga wanda ya daɗe yana shan maganin, sashen bututun da ke bayan lanƙwasar yakan yi kauri ya ƙara ƙarfin kamo gishiri, a nan likita zai iya haɗawa da wani maganin da ke tare wannan sashe, kamar metolazone, tare da gwajin jini akai-akai. Idan hanji ya kumbura har ƙwayar ba ta shiga, sai a kwantar da shi a ba shi ta jijiya, inda yake fara aiki cikin minti biyar.

Akwai wasu illoli da ya kamata ki sa wa ido. Maganin yana iya taɓa ji, domin a cikin kunne akwai furotin mai kama da na ƙoda. Hakan ya fi faruwa idan an ba da adadi mai yawa ta jijiya da sauri, ko an haɗa da allurar kashe ƙwayoyin cuta mai suna gentamicin, amma duk ranar da Baba ya ce kunnensa yana ƙara ko jinsa ya ragu, a sanar da likita. Yana kuma iya tayar da ciwon gaɓa mai zafi da kumburi da ja, wanda ya fi kama babban yatsan ƙafa amma yakan kama gwiwa ma, don haka a gaya wa likita yadda ciwon gwiwar ya fara, ko a hankali ne ko dare ɗaya. Namiji mai shekarun Baba kuma, idan yana yunƙurin fitsari yana fita da ƙyar ko yana ɗiga alhali mara ta cika, a duba ko ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara ne ya girma.

Ki sani kuma furosemide yana sauke ruwa ne ya ba da sauƙin numfashi, ba ya gyara raunin zuciyar. Sauran magungunan da aka haɗa masa, irin su bisoprolol ko carvedilol, lisinopril, spironolactone, da dapagliflozin idan yana cikinsu, su ne bincike ya nuna suna tsawaita rai da rage kwanciya asibiti, ko da yake mai shansu ba ya jin aikinsu a jikinsa yadda yake jin na ƙwayar fitsari. Idan suka zauna masa da kyau, ba abin mamaki ba ne likita ya rage furosemide nan gaba, kuma wannan albishir ne da za ki iya yi wa Baba. Kafin ranar ganin likitan, idan numfashinsa ya sarƙe yana zaune, ko ya kasa kwanciya sam, ko yana tari da kumfa mai ruwan hoda, ko ƙirjinsa yana ciwo, ko ya suma, ko ya ruɗe, ko fitsari ya ɗauke, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura da zafi, a wuce da shi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.